Daga Zauren Malam zuwa Tsangayar Ilimi: Yadda Zamfara Ta Horar da Masu Kula da Yaro

Hanyar mota da ta taso daga Funtuwa ta nufi Sakkwato tana ratsa Tsafe, ta wuce gindin duwatsun Kwatarkwashi, ta shiga Gusau, sannan ta fita ta Bunguɗu zuwa Maru. A bakin wannan hanya guda ake samun mafi yawan makarantun da Jihar Zamfara ta dogara da su wajen horar da mutanen da za su yi aiki da ƙananan yara da iyayensu. A Tsafe akwai Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya. A Kwatarkwashi akwai tsohuwar sakandaren 'yan mata ta gwamnati. A Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau. A cikin Gusau akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta fasaha da makarantar koyon jinya da ungozoma. A Maru kuwa akwai Kwalejin Ilimi ta jiha.

Kowace ɗaya daga cikinsu zamani ne ya haife ta, kuma kowane zamani yana da amsar da ya bayar ga tambaya ɗaya: wa ya kamata a damƙa wa yaro, kuma me ya kamata mutumin ya sani kafin a damƙa masa? Amsar ta sauya aƙalla sau huɗu cikin shekara ɗari biyu. A yau da ake ba da digiri a fannin ilimin ƙananan yara da jagoranci da ba da shawara, yana da amfani a san abin da kowane sauyi ya kawo da abin da ya bari a baya.

Kafin zuwan boko

A ƙasar Hausa ta dā, kula da yaro aiki ne da aka rarraba tsakanin mutane da yawa, kuma kowa ya san rabonsa. Ungozoma ce ke yanke cibi, ta kula da mai jego. Kaka ko goggo ce ke tsayawa kan wankan jego da kunun kanwa. Idan lokacin yaye ya zo, a kan kai yaro gidan kakarsa. Kunyar ɗan fari ta sa sau da yawa riƙonsa kan koma hannun wasu cikin dangi, matar da ba ta samu haihuwa ba kuma a ba ta ɗa ko 'ya ta riƙa. Maraya yana da baffa ko kawu da ake sa ran zai ɗauke shi. Labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ya nuna yadda wannan riƙo ya game gidajen ƙasar Zazzau, kuma al'adar ba ta bambanta sosai da ta Zamfara ba.

Bayan al'ada akwai shari'a. Littattafan fiƙihun Malikiyya da malaman wannan ƙasa ke karantarwa, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, sun tsara wanda ke da haƙƙin reno idan aure ya mutu: uwa ce farko, sai kakar wajen uwa, sai 'yar'uwar uwa, a bi da bi. Sun ɗora ciyarwa a kan uba, sun kuma kafa sharuɗɗan kula da dukiyar maraya. Saboda haka alƙali da limami da malamin zaure su ne ƙwararrun harkar iyali na wancan zamani, kuma horonsu yana ɗaukar shekaru a gaban malamai.

Yankin nan ba baƙo ba ne ga irin wannan ilimi. 'Yandoto, wadda ke ƙasar Tsafe a yau, ta yi suna a matsayin garin malamai tun kafin jihadi, har zuwa lokacin da rundunar Muhammadu Bello ta ci ta a wajen 1806. Sarkin Tsafe har yanzu sarautar 'Yandoto yake riƙe da ita. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara a shekarun 1780, kuma ya yi suka mai zafi ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Gusau kanta almajirinsa ne, Malam Sambo Ɗan Ashafa, ya kafa ta.

'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ce ta mayar da wannan ra'ayi tsari. Ta kafa 'Yan Taru, inda take zaɓar dattijuwa mai hankali daga ƙauye, ta naɗa ta Jaji, ta ɗora mata malfa, ta koya mata karatu cikin waƙa, ita kuma ta koma ta koyar da matan garinsu. Abin lura a nan shi ne sharaɗin zaɓen. Ana ɗaukar macen da garinsu ya riga ya yarda da ita, a horar da ita, a mayar da ita inda ta fito. Bayan fiye da ƙarni guda, masu tsara manufofin ilimi sun sake gano wannan dabara bayan sun sha wahala.

Bai kamata a ƙawata wancan tsari fiye da kima ba. Yara da yawa sun mutu kafin yaye saboda ƙyanda da zazzaɓi da gudawa. Ɗan riƙo yakan faɗa hannun da zai wahalar da shi, ba kuma mai bin kadinsa. Amma tsarin yana da abu ɗaya mai ƙarfi: yana kallon yaro a cikin gidansu, tare da uwarsa da danginsa.

Malamin En'e da makarantar Maru

Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Makarantar boko ta farko ta gwamnati a Arewa Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe ta a Nasarawa ta Kano a 1909. Kwalejin Katsina ta biyo baya a 1921 domin horar da malamai. Manufar ba ɓoyayya ba ce: mulkin mallaka yana bukatar magatakarda da malaman haraji da 'ya'yan sarakunan da za su iya karatu da lissafi. Malamin da aka horar don wannan bukata malamin darasi ne. An koya masa yadda zai koyar da karatu da rubutu da lissafi, ya tsare jadawali, ya riƙe rajista. Abin da ke faruwa da yaro kafin ya zo makaranta da bayan ya tashi ba ya cikin aikinsa.

Gusau ta bunƙasa a wannan zamani saboda auduga da gyaɗa da jirgin ƙasa, wanda layinsa daga Zariya ya ratsa ta ya kai Kauran Namoda a 1929. Garin ya cika da 'yan kasuwa da leburori daga sassa daban-daban, amma mulkinsa yana hannun En'e ta Sakkwato. A 1938 aka turo Ahmadu Bello, wanda shi ma Kwalejin Katsina ta horar a matsayin malami kuma ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zauna a Gusau yana duba gundumomin gabas. Wannan ya nuna wata ɗabi'a da ta daɗe: wanda aka horar don koyarwa, idan ya yi fice, sai mulki ko siyasa ta ɗauke shi.

Makarantar horar da malamai ta Maru ita ce tushen horon malanta a yankin. A ƙarshen shekarun 1940 aka turo Malam Aminu Kano ya shugabance ta, bayan ya dawo daga Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan ya kuma koyar a Bauci. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman Arewa, kuma a zamansa na Maru ya damu da gyaran makarantun allo, wato inda mafi yawan yaran talakawa suke. Ya ajiye aiki a 1950 ya shiga NEPU. Tunaninsa cewa ba za a gyara ilimin yaro ba alhali an juya wa makarantar allo da uwar yaron baya, bai samu shiga manhajar horon malamai ba a lokacin.

Bangaren mata ya fi tafiyar hawainiya. An buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina a 1930, cibiyar horar da malamai mata ta Sakkwato kuma a 1939. Adadin 'yan matan da ke shiga kaɗan ne, kuma aure yakan ɗauke su kafin su gama. Sakamakon haka ya daɗe yana bin yankin. A ƙasar da mata da yawa ke cikin kulle, namiji baƙo ba ya wuce zaure. Idan malamai da ma'aikatan lafiya duk maza ne, to hukuma ba ta da hanyar isa ga uwa da jaririnta.

Aikin jin daɗin jama'a kuwa ta wata ƙofa ya shigo. Ya faro a Legas a farkon shekarun 1940, lokacin da Donald Faulkner ya fara aiki da yaran da ke yawo a titi, aka kuma yi dokar yara da matasa ta 1943. Jihar Arewa ta yi tata a 1958. Wannan aiki an gina shi ne a kan kotu da gidan horon yara, wato ya fi damuwa da yaron da ya yi laifi ko aka tsinta a yashe. Tun daga nan yaro ya rabu gida uku a idon gwamnati: ƙwaƙwalwarsa ta ma'aikatar ilimi ce, jikinsa na ma'aikatar lafiya, matsalarsa kuma ta ofishin jin daɗin jama'a. Kowane ɓangare ya kafa makarantarsa da takardar shaidarsa.

Shekarun gaggawa

Rahoton kwamitin Ashby na 1960 ya ba da shawarar a samar da malamai masu zurfin ilimi, kuma daga nan aka samu manyan kwalejojin malamai masu ba da takardar NCE: ta Zariya a 1962, ta Kano bayanta, ta Sakkwato a 1970. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, ta zama uwar waɗannan kwalejoji a Arewa, Jami'ar Sakkwato kuma ta zo a 1975. Amma waɗannan duka sakandare suka fuskanta. Firamare an bar ta ga mai takardar malanta mai daraja ta biyu. Da haka aka kafa wani tsani wanda har yau bai rushe ba: iya ƙanƙantar yaron da kake koyarwa, iya ƙanƙantar takardarka da albashinka da darajarka.

A Satumbar 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, UPE. Yara sun yi dafifi fiye da yadda aka ƙiyasta. Aka buɗe makarantun horon malamai cikin gaggawa, aka gajarta kwasa-kwasai, aka ɗauki waɗanda ba su da horo aka sa su a aji. A wannan shekarar aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don ta horar da su daga nesa suna kan aiki. Shirin ya kai makaranta ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba. Ya kuma bar gadon malamai masu rauni, kuma da kuɗin man fetur ya ja baya a farkon shekarun 1980, albashi ya fara makara, masu ƙwazo suka fara neman wata sana'a.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ambaci ilimin share fagen firamare, amma ta bar shi a hannun masu zaman kansu. A wuri irin Gusau hakan yana nufin 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa su je nazare, ɗan manomi a Bunguɗu ko Tsafe ya jira shekara shida. Manufar ta kuma ƙudurta cewa NCE za ta zama mafi ƙarancin takardar koyarwa. An kafa hukumar kula da kwalejojin ilimi a 1989, hukumar rajistar malamai a 1993, aka kuma riƙa rufe makarantun daraja ta biyu sannu a hankali. Tsofaffin malamai da yawa suna ganin an yi asara a nan, domin waɗancan makarantu suna ɗaukar yaro tun yana ƙarami su shafe shekaru suna koya masa yadda ake riƙe ajin firamare.

A zamanin Janar Babangida ne aka kafa Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta fasaha a Gusau, aka keɓe ta ga mata zalla. Hikimar a bayyane take. Uban da ba zai tura 'yarsa makarantar cakuɗe ba zai iya yarda da wannan, kuma kowace malama da ta fito tana iya zama dalilin da wasu iyaye za su bar 'ya'yansu mata a makaranta.

Sabuwar jiha, sababbin hukumomi

An ƙirƙiri Jihar Zamfara daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, da ƙananan hukumomi 14. Ta fara rayuwa ba ta da jami'a, kuma tana cikin jihohin da suka fi ƙarancin yara a makaranta. A Oktobar 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000. An fi tuna wannan mataki da hukunce-hukuncen laifi, amma ya haifar da hukumomin da aikinsu na yau da kullum iyali ne: hukumar zakka da waƙafi mai tallafa wa marayu da zawarawa, da Hisba mai sasanta ma'aurata. An kuma kafa hukumar ilimin mata. Waɗannan hukumomi sun buɗe guraben aiki da yara da iyali, sai dai babu wata makaranta da aka tsara don ta horar da masu cike su. Malamin addini ya san hukuncin reno da ciyarwa, amma ba lallai ya san alamun tamowa ko na yaron da ake cutarwa ba. Mai NCE ya karanta ilimin halayyar yara, amma ba lallai ya san abin da Risala ta ce ba.

A matakin tarayya abubuwa biyu sun faru. An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya, UBE, a Sakkwato ranar 30 ga Satumba 1999, dokarsa ta 2004 kuma ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe. Daga baya, bitar manufar ilimi ta 2013 ta ƙara shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya. Hukumar kwalejojin ilimi ta sake fasalin NCE a 2012 yadda ɗalibi zai ƙware a matakin da zai koyar: ƙananan yara, firamare, ƙaramar sakandare, ilimin manya, ko ilimin masu bukata ta musamman. A karon farko, kula da ɗan shekara huɗu ya zama fanni mai sunansa.

Na biyu shi ne Dokar 'Yancin Yara ta 2003, wadda ta biyo bayan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 da Najeriya ta amince da ita a 1991. Dokar ta tanadi kotunan iyali da jami'an da za su binciki halin yaro su kai rahoto. Amma ba ta hawa kan jiha sai majalisarta ta amince, kuma jihohin Arewa da dama sun daɗe suna jayayya kan shekarun aure da bambancin ɗaukar ɗa irin na Turawa da kafala ta Musulunci. Zamfara ta sa hannu a dokarta ta kare yara a 2022, a zamanin Gwamna Bello Matawalle, kusan shekara ashirin bayan ta tarayya.

Darasin dalma da darasin bindiga

A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Dalili shi ne gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu. Ƙauyen Bagega bai samu aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa ba sai 2013. Magani yana rage dalmar da ke cikin jini, amma ɓarnar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta komawa. Yaran da suka tsira sun kai shekarun makaranta da raunin fahimta da na ɗabi'a. Aikin da ya rage bayan tafiyar likita na malamin masu bukata ta musamman ne, da ma'aikaciyar da za ta shiga cikin gida ta zauna da uwa. Irin waɗannan ma'aikata su ne jihar ta fi rashi.

Shirye-shiryen haɗin gwiwa da ƙasashen waje sun yi ƙoƙarin cike giɓin, kuma dabarar da suka ɗauka ta yi kama da ta 'Yan Taru. Zamfara ta shiga kashi na uku na shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF da gwamnatin Birtaniya a 2012. A ƙarƙashinsa ana ɗaukar nauyin 'yan matan karkara su yi NCE bisa sharaɗin su koma garuruwansu su koyar. Wani shiri makamancinsa a fannin lafiya, wanda shi ma ya faro a 2012, ya riƙa ba 'yan matan ƙauye shekarar share fage don su cancanci shiga makarantun ungozoma da na lafiyar al'umma. An kuma yi shirin RANA na koyar da karatu da lissafi cikin Hausa a azuzuwan farko. Raunin irin waɗannan shirye-shirye iri ɗaya ne. Kuɗin baƙo yana horarwa, amma gwamnatin gida ce za ta ɗauka aiki ta biya albashi, kuma idan ba ta yi ba, mai takarda tana zaune a gida.

Sai kuma matsalar 'yan bindiga, wadda ta mayar da makaranta kanta abin hari. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka sace 'yan mata 279 daga sakandaren Jangebe a ƙaramar hukumar Talatan Mafara, aka sako su bayan kwanaki kaɗan. A Satumbar wannan shekarar aka sace ɗalibai a Kaya ta Maradun, gwamnati ta rufe makarantu, aka kuma katse layukan waya a jihar. Ranar 22 ga Satumba 2023 aka shiga gidajen kwanan ɗalibai a Sabon Gida aka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau fiye da ashirin, mafi yawansu mata. Ɗaliban kwalejin lafiya ta Tsafe su ma sun taɓa fuskantar irin wannan. Kowane hari yana da ɓarna biyu: yana ƙara yawan yaran da ke bukatar taimako, yana kuma tsorata iyayen waɗanda za su zama masu taimakon. Garuruwan Gusau da Tsafe da Bunguɗu sun karɓi iyalan da suka baro ƙauyukansu, zawarawa da marayu da yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Tsohon tsarin riƙo yana aiki ne idan dangi suna da gona da rumbu. Idan dangin duka gudun hijira suke yi, babu mai riƙon wani.

Zamanin digiri

An kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013 a zamanin Shugaba Jonathan, tare da na Birnin Kebbi da Gashuwa. Da ita ɗan Zamfara ya samu damar yin digirin ilimi ba tare da ya tafi Sakkwato ko Zariya ko Kano ba. Tsarin digirin ilimi a Najeriya shekara huɗu ne ga wanda ya shigo daga sakandare, uku ga mai NCE, kuma ya ƙunshi ilimin halayyar yara, da dabarun koyarwa, da koyarwar gwaji a makaranta. A Disambar 2022 hukumar jami'o'i ta fito da sabuwar manhaja wadda ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. A ƙarshen wannan shekarar aka sa hannu a dokar kafa majalisar kula da sana'ar jin daɗin jama'a. A 2023 aka yi dokar da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya ikon ba da digiri da kansu tare da NCE, aka kuma kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. A Nuwambar 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi.

Wasu ƙasashe sun bi irin wannan hanya. Froebel ya kafa lambun yara a Jamus a wajen 1840, Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta a wata unguwar talakawa ta Roma a 1907. A Amurka shirin Head Start na 1965 ya haɗa karatu da abinci da duba lafiya da ziyarar iyaye a wuri ɗaya, dokar 2007 kuma ta bukaci rabin malamansa su mallaki digiri kafin 2013. Binciken masanin tattalin arziki James Heckman ya ƙarfafa abin da Bahaushe ya daɗe da faɗa, cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma a can ma an ga cewa idan aka ɗaga takarda ba a ɗaga albashi ba, masu digiri sukan bar ƙananan yara su koma inda ake biya.

Wannan shi ne haɗarin da ke gaban Zamfara. Albashin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fita, kuma ya daɗe yana cikin mafi ƙanƙanta a aikin gwamnati. Da yawa daga masu shiga tsangayar ilimi sun shiga ne don ba su samu gurbin da suka nema ba. Mai digiri yakan nemi sakandare ko ofis ko ƙungiyar agaji. Idan haka ta ci gaba, za a samu ƙarin takardu a Gusau, ajin share fage a ƙauyen Bunguɗu kuma ya ci gaba da zama a hannun wanda ya fi kowa ƙarancin horo.

Tarihin da aka bi ya nuna inda gyara zai iya fitowa. Kashi 30 da aka bar wa jami'a wuri ne da za a iya sanya abin da yankin ke bukata: fiƙihun reno da kafala, gane tamowa da gubar dalma, taimakon yaron da ya firgita, koyar da karatu cikin Hausa, da aiki da malaman tsangaya. Kwalejin Tsafe da ta Maru da kwalejin mata da jami'a duk a kan hanya ɗaya suke, kuma babu abin da zai hana ɗaliban ilimi su yi wani ɓangare na gwajinsu a asibitin sha-ka-tafi ko gidan marayu ko matsugunin 'yan gudun hijira, ɗaliban lafiya kuma su shiga aji. Dokar kare yara ta 2022 tana bukatar ma'aikata kafin ta zama wani abu fiye da rubutu, kuma ɗaukarsu aiki shawara ce ta kasafin kuɗi. Zaɓen ɗalibai daga garuruwan da za su koma, musamman mata, shi ne abin da ya yi aiki a zamanin Nana Asma'u, ya kuma sake nuna amfaninsa bayan 2012.

Jaririn da aka haifa a Jangebe a makon da aka sace 'yan matan ya kai shekarun shiga ajin share fage. Wanda zai tarbe shi a bakin ƙofa, da irin horon da aka ba shi, da ko an biya shi albashin watan jiya, su ne za su nuna abin da digirin ilimi ya zama a Zamfara.